Shekarar da Kifi Ya Mutu a Rafinmu

Ranar da na fita takabar mahaifinku na ji Asiya a kicin tana gaya wa ƙannenta cewa Kawu Lawali ne ya jawo mana barin gidanmu na kwatas ɗin ma'aikata, wai ya zubar wa Babanku da mutunci har ya kasa haɗa ido da maƙwabta. Ban tanka ba, don gida cike yake da baƙi, kuma kun san ni, in na fara magana ba na tsayawa a rabi. Amma abin ya tsaya mini a wuya. Babanku bai taɓa faɗa muku haka ba. Shi dai ce muku ya yi iskar Katabu ta fi masa daɗi, ku kuma kuka cike sauran da abin da kuka tsinta a bakin matan kwatas. Lokacin kowannenku yana gidan aurensa ko wurin aikinsa. Ni ina nan, kuma da idona na gani.

Kun taso kuna ganin tafkunan nan uku da ke bayan kwatas cikin shingen waya, amma na san babu wanda ya taɓa tambayar aikinsu, iyakarku ku toshe hanci ku wuce. Gidajenmu ba su da ramin masai. Duk ruwan banɗaki da na wanke-wanke bututu yake bi ya faɗa tafkin farko, ya kwanta, ya tsallaka na biyu, kafin ya kai na ukun ya yi haske har kwaɗi na kuka a ciki, balbela na yawo a baki. Daga nan sai ya ratsa ciyayi ya shiga rafi, rafin ya gangara ta wajen Rafin Guza ya haɗu da kogin Kaduna. A ƙasan nan akwai masu lambu da masunta, mutanen da muke sayen alayyahu da tarwaɗa a hannunsu ba mu san sunan ko ɗaya ba. Injiniyan da ya taɓa zuwa duba wurin ya bar wa Babanku gargaɗi, tunda shi ne shugaban kwamitin kwatas. Ya ce akwai wasu ƙananan halittu a cikin ruwan da ido ba ya gani, su ke cinye ƙazantar, kuma abu biyu ne ba sa so: jini mai yawa da maganin wanke banɗaki. Ya kuma nuna masa wata ƙofar ƙarfe a gefen tafkin farko, wadda in aka ɗaga ta ruwan zai zube rafi kai tsaye yadda ya fito daga gidaje. Makullinta yana hannun Babanku, a aljihun motarsa yake ajiye shi.

Lawali ƙanena ne, ni na goya shi. Manomi ne, a tudu aka haife mu, ko iyo bai iya ba. Da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyenmu a Zamfara, sai ya kai matarsa da yara gidan surukansa a Gusau, ya taho Kaduna da kaya kala biyu a leda. Na so ya zauna a wurinmu, ya ƙi. Ya ce ba zai zama wa mijin yayarsa kaya ba. Ya yi dako a Kawo, ya tura baro, daga baya wani dattijo cikin masunta ya tausaya masa ya ba shi aron tsohon taru, aka nuna masa wuri can sama, daf da inda ruwan tafkunanmu ke shiga rafi, wurin da masunta 'yan gado ba sa so. Duk Juma'a yakan zo mini da 'yar karfasa a ƙulle, ya zauna a bakin ƙofar kicin, ba ya yarda ya hau kujera. Ina tsokanarsa ina cewa masuncin da ke tsoron ruwa, shi kuma ya yi dariya yana rufe baki.

A shekarar Babbar Sallah ta faɗo ruwa bai gama zama ba, a yi yayyafi yau a ɗauke kwana da kwanaki. Mu a kwatas muna da al'ada tun asali: akwai fili a bayan masallaci da ake haƙa rami, kowa ya kai jinin layyarsa da kashin tumbi a binne. To a shekarar an gina ajin Islamiyya a filin, kowa ya yi murna, babu wanda ya tuna da ramin sai da raguna suka sha wuƙa. Kowane gida sai ya wanke kayan cikinsa a tsakar gida, aka bi da tsintsiya aka tura magudana. Gida nawa ne a kwatas, wani rago biyu, wani har da sa. Mu kuma mata, matan ma'aikata masu gasar tsafta, kowace ta ɗauko jarkar bilic, maganin wanke banɗakin nan, ta tuttula don kada baƙon Sallah ya ji ƙarni. Har yaba juna muka riƙa yi a kan wadda tsakar gidanta ta fi ƙyalli.

Kafin a gama suyar nama tafkunan suka juya. Na ukun ma da ke haske ya koma baƙi ƙirin, kumfa ta taru a baki, kwaɗin suka yi tsit. Wari kuwa ba a magana, ko ka rufe taga yana cikin bakinka. Ga shi a ƙarshen makon Alhaji Mansur, maƙwabcinmu na dama, zai aurar da 'yarsa, an riga an gayyato manyan mutane daga Abuja, an ce a filin kwatas za a yi walima. Bayan La'asar 'yan kwamiti suka taru a falonmu. Na shiga kai musu soyayyen nama na tarar Alhaji Mansur a tsaye yana magana, hanci a toshe da hankici.

"Shugaba, ga hadari can ya haɗu. Da ruwa ya sauko ka ɗaga ƙofar nan, kafin Magariba ya kwashe komai ya kai kogi. Kogi ai ba ya cika da wannan."

"Akwai mutane a ƙasa," in ji Babanku.

"Mu nan ba mutane ba ne? Ni zan tsaya gaban surukaina cikin wannan ɗoyi?"

Sauran suka goyi bayansa, kowa na faɗin tasa. Babanku mutum ne mai gudun a ce ya ƙi jama'a, wannan halin ne ya sa aka zaɓe shi, shi ne kuma ya kayar da shi. Da aka fara ruwa na leƙa ta taga na gan shi ya buɗe mota ya ɗauki wani abu, ya rufa tawul a ka ya nufi bayan kwatas. Ruwan da aka dogara da shi ko ƙasa bai gama jiƙawa ba iska ta kore shi. Na tsaya riƙe da labule ina kallon sama tana washewa.

Washegari da hantsi wata mai kawo mana alayyahu ta faɗo gidan ko sallama babu, mayafi a hannu. Ita kaɗai ce a ƙasan nan ta san ni yayar Lawali ce.

"Hajiya, ki taso. An kama ɗan'uwanki. Kifi ya mutu kaf tun daga wurinsa har bakin kogi, an ce shi ya zuba guba."

Abin da ya faru, da sassafe Lawali ya iske kifi ya taso saman ruwa yana buɗe baki, manyan tarwaɗa da bai taɓa kama irinsu ba suna zuwa har gaban ƙafarsa. Ɗan gado da ya ga haka ya san ba lafiya. Shi bawan Allah ya ɗauka rabonsa ne ya zo, ya shiga kwasa da hannu yana cika daro yana godiya ga Allah. A haka masunta suka same shi. A wajensu wanda ya zuba wa ruwa magani don ya kwashi kifi ya fi ɓarawo laifi, ga shi baƙo, ga shi mutuwar daga wurinsa ta fara, ga daro cike a gabansa. Ta ce sun doke shi, Sarkin Ruwa, wato shugaban masuntan, ya ƙwace shi da ƙyar ya kulle a zaurensa, samari kuma sun kewaye gidan sun ce a fito musu da shi.

Na sami Babanku a ɗaki zaune a bakin gado, ya ji komai. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar wanda ya tashi daga doguwar jinya.

"Alhaji, ka tashi mu je ka faɗa musu."

"Rabi, zauna."

"Ba zan zauna ba."

"Na kira 'yan sanda, sun ce motarsu ta fita, da ta dawo za su je. Za a fito da shi, in sha Allah." Ya ɗago ya dube ni. "Kin san garin nan. Kin san abin da taro ke yi in ya sami inda zai huce. In suka ji daga nan ruwan ya fito, nan za su hawo. Akwai mata, akwai jarirai, akwai tsofaffin da ba sa iya gudu. Ki yi tunani."

Ina so ku fahimci wannan, don kada ku juya fushinku daga kan Kawunku zuwa kan mahaifinku. Ba kujerar kwamiti yake karewa ba. Tsoro ne ya kama shi, kuma tsoron gaskiya ne. Mun zauna a Kaduna mun ga lokutan da magana ɗaya ke fita daga bakin wani da safe, kafin azahar hayaƙi ya tashi. Ni ma na san haka. Na tsaya a tsakiyar ɗaki ina ganin gidajen maƙwabta a idona ɗaya bayan ɗaya, har jaririyar da aka yi sunanta kafin Sallah. Sai kuma na ga Lawali yana ƙarami a bayana, yana riƙe mini wuya in za mu tsallake kwata. Na ɗauki hijabina. Babanku bai ƙara hana ni ba, bai kuma ce in je ba.

Ban taɓa sauka ƙasan nan ba sai ranar, shekara da shekaru ina zaune a samansu. Mai alayyahun na gaba ina binta ta cikin lambuna. Rafin ya yi baƙi, bakinsa kuwa fari fat da cikin kifi, manya da ƙanana, har 'yan mitsi-mitsi da ba su kai yatsa ba. Ƙuda ya taso kamar an buɗe mahauta. Wani mai lambu ya kashe injin ban-ruwansa ya zauna a kan kunya ya zuba wa salak ɗinsa ido, don ya riga ya shayar da shi ruwan tun asuba. Mata masu suyar kifi sun yi cirko-cirko da kwanoni babu komai. Tun daga nesa nake jin hayaniya, da muka karya kwana na ga taron. Sanduna ne a hannunsu da gora, ban damu da su sosai ba. Abin da ya kaɗa mini hanta wata tsohuwar tayar babur ce da wani ya rataya a kafaɗa, yana tsaye shiru a gefe ba ya ihu tare da sauran.

Sarkin Ruwa yana zaune a kan turmi a bakin zauren, ya jingina bayansa da ƙyauren. Tsoho ne siriri, idonsa ɗaya ya yi fari. Na kutsa, hijabi ya taimake ni aka buɗa mini. Ta ramin ƙyauren na ji muryar Lawali, ta shaƙe.

"Yaya? Ke ta? Wallahi ban zuba komi ba. Kihin da kainai yat taho. Mi niy yi musu, Yaya?"

Na durƙusa a gaban tsohon. 

"Baba, ƙanena ne. Ba shi ba ne. Ruwan gidajenmu ne."

"Waɗanne gidaje?"

"Kwatas. An buɗe tafki jiya da yamma. Jinin layya ne da ruwan masai."

Na faɗa a hankali don shi kaɗai ya ji, amma na kusa suka ji, suka miƙa wa na baya. Na ji hayaniyar tana mutuwa layi-layi har wurin ya yi tsit. Wannan shirun ya fi ihun ban tsoro. Tsohon ya dube ni da idonsa mai gani.

"Hajiya, kowace mace za ta faɗi haka a kan ɗan'uwanta."

"A bi ruwan a gani. In ƙarya nake yi, ga ni."

Tsohon ya miƙe, ya sa makullin zauren a aljihu, ya ce wa wasu dattawa biyu su zauna a inda ya tashi. Sannan ya juya ga samarin ya ce duk wanda ya wuce gabansa a hanya ba shi ba ruwan nan har abada. Haka muka hau, ni a gaba, shi a bayana, taron a bayansa. Ina jin takun ƙafafunsu a cikin laka da sandunan suna gogar ciyawa. Duk addu'ar da na sani ta gudu daga kaina, Hasbunallahu kawai nake maimaitawa. A zuciyata ina cewa shi ke nan, Rabi, kin ceci mutum ɗaya kin jawo wuta kan unguwa guda da ƙafarki. Da muka wuce wurin tarun Lawali ruwan bai yi haske ba, ƙara baƙi ya yi, ga guntayen kitse da gashin rago sun maƙale a ciyayi. Babu wanda ya ƙara tambayata komai.

Da muka iso shingen waya, Babanku yana tsaye a bakin ƙofar ƙarfen shi kaɗai. Ya sallami maigadi, ya aika gida-gida a kulle ƙofofi. Farar shaddarsa ta Sallah ce a jikinsa, makullin yana hannunsa. Ya yi sallama, ba a amsa ba.

"Ni na buɗe," ya ce. "Da hannuna. Babu ruwan yaron can, babu ruwan matan da ke cikin gidajen nan."

Bai ambaci Alhaji Mansur ba, bai ambaci kwamiti ba, ranar ko bayanta. Wani saurayi ya zabura ya sauke masa gora a kafaɗa, ya durƙushe a kan gwiwa. Ciwon kafaɗar da kuka san shi da shi ke nan, wanda ya ce muku faɗuwa ya yi a banɗaki. Na runtse ido ina jiran sauran. Sai na ji muryar tsohon, bai ko ɗaga ta ba. Ya ce ba za a taɓa gida ko ɗaya ba, amma duk namijin da ke kwatas zai sauko yau ya kwashe mushen kifin nan da hannunsa ya binne, don su san abin da suka aiko. Haka kuwa aka yi. Daraktoci da manyan sakatarori suka naɗe ƙafar wando suka shiga laka, masunta na tsaye a kansu, har rana ta faɗi. Motar 'yan sanda ta iso ana tsakiyar binnewa.

Wannan yinin ne mutanen kwatas ba su yafe mana ba. Hukuma ta zo ta rufe tafkunan na tsawon lokaci, aka koma neman motar kwasar masai, walimar Alhaji Mansur ta koma wani ɗakin taro a gari. Aka sauke Babanku daga shugabanci ba tare da an kira shi ba. A masallaci in ya tsaya a sahu sai na kusa da shi ya ɗan matsa. Ni kuwa matan da muka yi shekaru muna biki da suna tare suka daina amsa gaisuwata, wai na zaɓi ɗan gudun hijira a kan maƙwabta. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, har yau in na tuna yadda wata Hajiya da na yi wa jinya har wata guda ta kawar mini da kai a kasuwa sai raina ya ɓaci. Babanku bai taɓa ce mini ke kika jawo ba. Bai kuma taɓa ce mini kin yi daidai ba. Kafin wata Sallar muka sayar da gidan muka dawo Katabu.

Lawali kuwa a ranar na taho da shi gida, ido ɗaya a rufe, haƙori biyu babu. Sarkin Ruwa da kansa ya aiko a ba shi haƙuri, ya ce ya dawo a ba shi wuri mai kyau in ruwa ya warke. Bai koma ba. Ya zauna a ɗakin baƙi ba ya ko leƙa tsakar gida, in aka buga ƙofa sai ya miƙe zumbur ya manne da bango. Wata safiya na shiga kai masa koko na tarar ya ɗaure kayansa a ledar da ya zo da ita.

"Gida za ni, Yaya."

"Wane gida? Gusau?"

"Ƙauye. An ce wasu sun koma sun yi shuka."

"Lawali, ka manta abin da ya koro ka?"

"Ban manta ba. Amma can na san huskar masu son kashe ni, in na hango su sai in gudu. Nan kau waɗanda muka ci tuwo tare da su na gani da taya."

Na roƙe shi, na yi faɗa, na yi kuka, na haɗa shi da darajar iyayenmu. Babanku da kafaɗarsa a ɗaure ya ce zai nema masa gadi a wani ofis. Ya yi godiya ya durƙusa har ƙasa, amma bai sauya ba. Na raka shi tashar Kawo. Ya kira ni da ya sauka Gusau, ya sake kira daga ƙauye da wayar wani, ya ce gero ya yi kyau, in gaida Alhaji. Daga nan ban sake jin muryarsa ba. Matarsa ma ba ta ji ba. Mun aika, mun tambaya, wani ya ce an gan shi a wata kasuwa, wani ya ce an kwashi mutane a gona a watan kaka. Babu wanda ya kawo mana gawa, babu wanda ya kawo mana shi.

Don haka kada in sake jin ɗayanku ya ce Kawu Lawali ya zubar wa gidan nan da mutunci. Ruwan gidanmu ne ya gangara ya same shi a inda yake neman abincinsa. Abu ɗaya nake roƙonku, musamman ke Asiya da kike cewa ba kya ɗaukar baƙuwar lamba saboda 'yan damfara. Ni jina ya fara nauyi, sau da yawa waya na ƙara ban sani ba sai ta katse. Ya san lambarki, ya haddace ta tun kina makaranta. In lambar da ba ku sani ba ta kira, ku ɗauka.